Tsohon da Ya Zo Neman Yafiya Sau Uku

Ina da shekara arba'in da biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci a garin Lanham, nan ƙasar waje. A shekarar ce wani tsoho Bayahude ya yi baya da motarsa a bakin kantin da nake sauke kaya, ya matse hannuna na dama da bango. Yatsu uku suka karye. Ban daɗe da iya rubuta sunana ba a lokacin.

Inshora ta biya asibiti. Na ɗauka magana ta ƙare.

Bayan wata huɗu sai ga shi a ƙofar ɗakina a Landover, garin da ke maƙwabtaka da Lanham, da 'yar hularsa a tsakiyar ka. Na ba shi kujera da ruwa. Ya ce a shari'arsu wanda ya ji wa mutum rauni abu biyar ke kansa: raunin, zafinsa, kuɗin magani, aikin da ya tsaya, da kunyar da ya jawo masa. Ko ya biya duka, laifin na nan har sai mai ciwon ya yafe da bakinsa. Babban azuminsu ya ƙarato, ba ya so ya shige shi da wannan a wuyansa.

Na ce, "Baba, ƙaddara ce."

Ya ce, "Na yarda. Amma ƙafata ce a kan totur."

A wurinmu ba ka kallon sa'an mahaifinka ka ce ka yafe masa, kamar ka tabbatar masa da laifi ne. Ya jira, ya gaji, ya tafi. Ya sake dawowa, na sake ba shi ruwa. Ya ce sau uku aka umarce su su roƙa. Na duba zuciyata ko akwai fushi, ban samu ba. Ban samu komai ba, kamar dai yatsun, ko an tsikare su da allura ba na ji.

Zuwansa na uku ya tarar da ni da littafin aji, fensir a hannun hagu. Ya daɗe yana kallon baƙaƙen da suka karkace.

Na ce, "Baba, na yafe maka, duniya da lahira."

Ya yi kuka. Ni ina kallon kofin ruwan da bai sha ba. Da ya fita na ɗauki fensir da hagu, na koma kan layin da na tsaya.