Tsakar Gidan Ƙanwata

Da maigidana ya sami aiki a filin jirgin sama na Madina, abin da ya fara yi shi ne ya sa aka shimfiɗe tsakar gidanmu na unguwar Aziziyya da farin tayil, tun daga bakin ƙofa har jikin katanga. Bai bar ƙasa ko tafin hannu ba. Na ji daɗi ƙwarai. A Madina aka haife ni, kuma a ganina a lokacin, gidan da babu ƙura shi ne gidan rufin asiri. Inna, mahaifiyarmu, a wurina take zaune tun rasuwar Baba, don ni ce babba.

Ƙanwata kuwa wani mutumin garin Tawa ta aura, wanda ya zo yana aikin ban ruwa ga itatuwan bakin titi. Suka kama haya a ƙarshen unguwa, wajen gangare, gidan da tsakarsa ƙasa ce da tsakuwa. Har tausayinta nake ji.

Mijin nata yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya. In ya taso daga aiki sai ya ɗauki diga. Ya haƙa wani kwari mai faɗi marar zurfi a tsakar gida, ya jera masa baƙaƙen duwatsu, ya karkatar da indararo ya fuskance shi, ya kuma yi wa ruwan lungu 'yar hanya ta ƙarƙashin ƙofa. A gefen kwarin ya dasa magarya da zogale da lalle. Har ruwan alwala nan suke zubawa.

Wata rana maigidana ya ce masa, "Mutane na korar ruwa daga gida, kai kana gayyatarsa? A garin da sai a shekara ba a ga hadari ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, a garinmu ba ma barin ruwa ya wuce da gudu. In ya zauna ƙasa ta sha, ba ya ɓarna."

Bayan 'yan shekaru, a wani lokacin sanyi, aka yi ruwa mai ƙarfi bayan la'asar. A gidanmu ya rasa inda zai bi. Magudanar ta toshe, ya taru a kan tayil, ya haura dokin ƙofa ya shiga ɗakin Inna. Na same ta a kan gado ta naɗe ƙafafu, takalmanta na yawo. Washegari muka kai ta gidan ƙanwata, da nufin ta zauna kafin shimfiɗu su bushe.

Abin da na gani a can ya tsaya mini a rai. Ruwan lungun duk ya shiga gidan, ya kwanta a kwarin, ƙasa ta shanye shi. Ɗakunansu a bushe. Inna ta tsaya a gindin magaryar ta ja numfashi, ta ce rabonta da jin wannan ƙamshi na jiƙaƙƙiyar ƙasa tun tana yarinya, kafin iyayenta su taso da ita zuwa hajji.

Da shimfiɗu suka bushe na je ɗaukar ta.

"Inna, ɗakinki ya gyaru."

"To, bari zogalen nan ya yi toho tukuna."

Ya yi toho, na koma. Ta ce a bari ta tsinki lalle. Daga nan na daina tambaya.

Nakan dafa mata shinkafa da nama in kai, in tarar ta riga ta ƙoshi da kwaɗon zogale. Matan unguwa da a da suke zuwa gaishe ta a gidana suka koma can, suna shimfiɗa tabarma a inuwa. 'Ya'yana ma, kowace Alhamis sai su dame ni da Larabci, su dai gidan hala za su, wato ƙanwar tawa. In na je, ido nake bazawa ina neman aibu. Na ce akwai sauro. Na ce saiwar magarya za ta tsaga katanga, mai gidan haya ya kore su. Ƙanwata sai ta ce, "Allah ya kyauta, Yaya," ta miƙo mini shayi. Wannan haƙurin nata ma haushi yake ba ni.

Na je Anbariyya na sayo shuke-shuke a tukwane na jera a tsakar gida. Da zafi ya shigo, tayil ya gasa su daga ƙasa, suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Na roƙi maigida ya fasa mini ko kusurwa ɗaya ce.

"Don ki yi gasa da ƙanwarki?"

Na ce ba gasa ba ce. Bayan wani lokaci ya kira ma'aikaci aka ɓanɓare wajen da indararo ke zuba. Ban yarda na nemi taimakon mijin ƙanwata ba. Da kaina na haƙa, na dasa lalle, ya kuwa kama.

Na kawo Inna ta gani. Ta shafa ganyen ta sa mini albarka, ta wuni tare da mu. Da aka yi sallar la'asar ta ɗauki mayafinta ta ce a mayar da ita gida. A can ta ƙarasa sauran shekarunta.