Dattijon da Ya Ƙi a Ɗauke Shi

Aikin lauya na karanta a Khartoum, amma tun da na zo Alƙahira ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba, don takardata ba ta aiki a kotunan Masar. Abin da na samu shi ne tebur a wani ɗaki a unguwar Ard al-Liwa, ƙarƙashin wata ƙungiyar agaji, ina shirya wa naƙasassun baƙi takardun neman tallafi. Na san aikin tun daga gida. Injin gurzar auduga ne ya cinye hannun mahaifina, ya ƙare rayuwarsa yana yawon ofisoshi da takarda a aljihu.

A shekarata ta uku a teburin aka kawo mini wani dattijo, Bahaushen Sudan kamar ni, ɗan dako a kasuwar Ataba. Dilar yadi ta faɗo masa a baya, ya koma tafiya da sanda biyu. Wata uku na yi ina haɗa hoton ƙashi da rahoton asibiti kafin a ba mu ranar ganin kwamitin likitoci.

Ofishin kwamitin yana hawa na huɗu a wani bene a unguwar Faisal, ranar kuwa lif, na'urar hawa benen, ya lalace. Wasu masu jira suka ce za su ɗauke shi a kujera, ya ƙi. Da ƙafarsa ya hau, yana zama a kowane hawa yana haki, ni kuma ina bayansa riƙe da fayil. Mun yi kusan awa guda. Likita ya tambaye shi yadda ya iso, ya amsa da alfahari cewa shi ya kawo kansa. Na ga likitan ya rubuta layi ɗaya, na gane ba za su ba shi tallafin ba.

Haka amsar ta zo. Wanda ya iya hawa bene huɗu, in ji su, bai kai ga tallafi ba.

Na je na sami dattijon kwance a ɗakinsa. Matarsa ta ce bayan hawan nan sai da ya kwana uku bai iya zama ba. Na ce zan ɗaukaka ƙara.

"Amma Baba, wannan karon ka bari a ɗauke ka."

"Ustaza, shekara talatin ni ke ɗaukar kaya. Ba za a saɓa ni kamar buhu ba."

Ban ja ba, na gaji da ja. Na rubuta takarda ina roƙon likita ya sauko ya duba shi a ƙasa. Aka ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ba haka tsarin yake ba. Na sake rubutawa, aka ce takardar ta ɓata. Sai a karo na huɗu, bayan wata takwas, wata likita ta yarda. A ɗakin maigadi ta duba shi, kan wani benci, tukunyar wake tana tafasa a gefe.

Rabin abin da muka nema aka ba shi. Da na faɗa masa, ya ce tamam, wato ya yi daidai, ya yi mini addu'a, sannan ya tambaya ko zan duba takardun wani maƙwabcinsa makaho. Na ce ya turo shi ranar Lahadi.