Rigar da ke buɗewa ta gaba

Shekarar da Inna ta yi shanyewar ɓarin jiki, bayan an gama girbin gero, na roƙi maigidana na ɗauko ta daga garinmu na dawo da ita wurina, a wani ƙauye gabas da Minjibir. Ƙafar ta ɗan dawo, maganar ma ta dawo duk da bakin ya ɗan karkace, amma hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne sa riga. Kullum da safe sai na cusa mata kai, na kama mataccen hannun ina lanƙwasa shi ta hammata, ita kuwa ta runtse ido. Ni ce 'yarta ta fari, ba ta kiran sunana, balle ta yi mini raki. Daga numfashinta nake gane zafin.

Na ce a kai wa tela ya yi mata riguna masu buɗewa ta gaba. Ta ce babu namijin da zai gwada ta da tsufanta. Ƙarfinmu ma a lokacin duk ya tafi wurin magani.

Ni kuwa ban taɓa ɗinki ba, in ban da ɗinka maɓalli. Gwaggon maigidana ce ta ji labari, ta ce akwai wani keken ɗinki na hannu a ƙarƙashin gadonta tun na lokacin aurenta, in zan iya tayar da shi in ɗauka. Na wanke tsatsar da kananzir, na ɗiga masa mai. Ranar kasuwa na ɗauke shi a ka na kai wa wani tsohon tela da ke zama a rumfar masu yadi. Ya nuna mini yadda ake zura zare da naɗa kwarkwaro, ya tara mini ƙyallayen da ke zube a ƙasan teburinsa.

"Kada ki fara da yadi," ya ce. "Ki samu takarda mai layi, ki cire zare, ki yi ta bin layin da allura har hannunki ya zauna."

Ina koyar da yara a islamiyya da yamma, don haka tsofaffin littattafan rubutu ba su yi mini wuya ba. Sati biyu ina huda takarda a gindin darbejiyar tsakar gida. Da na koma kan tsohon zani sai abin ya rikice. Hannun dama yana juya keke, na hagu kaɗai ke riƙe zani, ɗinkin ya yi ta tafiya kamar sawun akuya.

Inna tana kan tabarma tana kallo. Rana ta uku ta ce, "Ke, matso da abin nan."

Na matso da keken gabanta. Ta kama mariƙin da hannun hagu ta fara juyawa, ni kuma na samu hannu biyu na riƙe zani. Da farko ba mu daidaita ba. In na ce ta tsaya sai ta ƙara juyi biyu, wai ba ta ji ba. In muka yi saɓani a hira, keken ya ɗauki gudu. Sau da yawa na farke abin da muka ɗinka saboda labarin wata gona da 'yan'uwanta suka raba ba da saninta ba.

Ba ni da tef ɗin awo. Na warware wata tsohuwar rigarta gaba ɗaya, na shimfiɗa ɓangarorin a kan zanin da zan yanka, na zagaye su da guntun sabulu. Inna ta duba ta ce in ƙara taƙi ɗaya a ƙasa, ita ba budurwa ba ce.

Rigar farko na haɗa hannu ɗaya a baibai. Ta biyu ta yi daidai, sai dai ƙananan maɓallan da na sa sun fi ƙarfin yatsun hagu. Na gwada igiya, ita ma ba ta ɗauruwa da hannu guda. Maigida ne ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar kwat da yake sawa lokacin sanyi, ya ce in cire manyan maɓallanta, ai shi ko a buɗe yana sa ta. Huɗu ne. Na yi musu madauki da ƙyalle maimakon huda.

Washegari na kai mata ruwan wanka, na ajiye rigar a bakin gado, na koma madafa da gangan. Na daɗe ina dama kokon da ya riga ya damu. Da na leƙo, tana zaune a ƙofar ɗaki, riga a jikinta, maɓalli uku a ɗaure, ta tsallake madauki ɗaya, na huɗu ya rasa wurin shiga. Ban gyara mata ba.

"Kalmasar nan ta karkace," ta ce.

"Ai ke kika juya keken, Inna."

Ta kawar da kai, amma na ga kafaɗarta tana motsi.

Kafin damina mun yi mata riguna biyar daga zannuwan da ke jibge a akwatinta. Wani lokaci takan ɗora hannun daman a kan mariƙin, ta danne shi da na hagu, su juya tare. Bai warke ba, amma yatsun sun daina dunƙulewa kamar da.

Wata maƙwabciyarmu da ke jinyar mahaifinta ta ga rigunan, ta kawo taguwarsa biyu a buɗe masa gaba. Na ce ban taɓa ɗinkin maza ba. Inna ba ta bari na ƙarasa ba, ta ce wa matar ta ajiye ta dawo jibi. Da ta fita, Inna ta tambaye ni ko akwai sauran farin zare, na ce ya ƙare, ta ce to gobe kasuwa, in sayo biyu.