Gatarin da Aka Miƙa wa Kawu

Kawuna ne mai kula da lambun jami'armu. Tun ban san kaina ba ya dasa bishiyoyin darbejiya a bayan ɗakin karatu, ya raine su da ruwan wankin ɗalibai, bokiti-bokiti.

Da bikin yaye mu ya matso, aka ce babu wurin kafa rumfunan baƙi. Shi aka miƙa wa gatari, ko ya sare ko ya bar aiki. Ga iyali, ga karatuna a wuyansa. Ya sare.

Ranar bikin na tarar da shi zaune kan kututture, rana na dukansa.

"Kawu, shigo rumfa mana."

"Je ka abinka, ɗana. Wannan inuwar ta manya ce."

Har yau bai ƙara dasa komai ba.