Sodangi Sarkin Ƙanƙara da Jar Motarsa

An haifi Sodangi a Sabon Birni cikin bazarar da aka ce kaji sun riƙa saka ƙwai dafaffe. Tsofaffin gidanmu sun rantse cewa ranar sunansa sai da wanzami ya tsoma askarsa cikin randa kafin ya taɓa masa kai. Tun daga nan ya ƙulla gaba da zafi. Ya yi noman gero, rana ta kore shi. Ya yi fataucin wake zuwa Nijar, ƙwari suka riga shi cin riba. Sai da ya kai shekara talatin Allah ya nuna masa ƙanƙara a Maraɗi, inda wuta ke zama kamar 'yar gida, ya tsaya ya dube ta, ya ce ya ga sana'arsa.

Shekara goma sha tara yana abu ɗaya duk azumi. Da ya sallame asuba sai ya hau tsohuwar akori-kurarsa, ya tsallaka iyaka, ya sayi bulon ƙanƙara, ya binne su cikin buhunan ƙaiƙayin gero don kada zafi ya same su, ya kamo hanya. Kafin la'asar ta yi sanyi ya raba wa Kurawa, ya raba wa Gangara, ya sauke wa Inno mai zoɓo ta Tsamaye, wadda ita kaɗai ke ɗaukar buhu shida, sauran ya shigo da shi gari. Rabin kayan kullum hanya ce ke shanyewa. Har yau akwai masu cewa ciyawar da ke tsiro a bakin hanyar nan da rani Sodangi ne ya shayar da ita. Mutane suka sa masa Sarkin Ƙanƙara. Ba wanda ya naɗa shi, amma ya sayi rawani don kada sarautar ta zauna tsirara.

Sai ga Zayyanu, ɗan maƙwabcinsa, ya girma ya yi gemu ya sayi babura huɗu. Mahayansa na ratsa daji ta hanyar da ko jaki sai ya yi shawara, su iso awa guda kafin akori-kura. Azumin bara Kurawa ta koma hannunsa. Ya kuma faɗa a majalisa, da ladabinsa, cewa bana Baba Sodangi zai huta, don Gangara da Tsamaye ma zai ɗauke masa nauyinsu.

Sodangi bai yi barci mai daɗi ba sai ranar da ya ga wata jar mota cikin waya, mai ƙofa biyu, tana wuce jirgin sama a fili. Ya yi lissafi da yatsu: in mota tana gudun nan, ƙanƙara ba za ta ma san an ɗauko ta daga Maraɗi ba. Ya sayar da akori-kura, ya sayar da lambun fadama, ya haɗa da shanun huɗa biyu. Matarsa Habi ta ce, "Malam, mi za mu ci in ta ƙi?"

"Irin wagga ba ta ƙi," in ji shi. "Turawa sunka ƙera ta."

"Awo. Su ma sunka ƙera hwankar ɗakina."

Ya yi kamar bai ji ba, ya nufi Kano, inda wakilin kamfanin yake.

Can ya haɗu da Kamaluddeen, mai sayar da motocin, wani santalelen mutum da turarensa ke riga shi sallama. Sodangi bai taɓa wuce Maraɗi ba, amma kafin ya zauna an kira shi Alhaji sau tara. Aka kawo shayi, aka ƙara sanyin ɗaki har ya fara tunanin ko nan ma za a iya ajiye kaya. Motar kwancen Turai ce, amma Kamaluddeen ya ce kamfanin da kansa ya duba ta ƙusa-ƙusa, ya ɗora mata garantin shekara guda.

"Alhaji, mu ba ma sayar da mota mu juya baya. Yau ka shigo dangi. Ko tari ta yi, kira ni, zan zo da kaina."

"Har Sabon Birni?"

"Har bangon duniya, ranka ya daɗe."

Sodangi ya ce a buɗe masa but, wurin ajiye kaya. Aka buɗe gaba, ya ga wani ɗan rami da tukunyar tuwon Habi ba za ta zauna ciki ba. Injin yana baya, ƙarƙashin wani murfi mai tsaga-tsaga da yake shaƙar iska ta nan. Kamaluddeen ya tambaye shi wane irin amfani zai yi da ita. To a kasuwarmu yaro ma ya san ba a gaya wa mai kaya abin da za a yi da kayansa, don da ya ji buƙatarka farashi ya tashi. Sodangi ya gyara rawani ya ce, "Shan iska." Aka ba shi hula mai tambarin kamfani, da lema, da wani littafi mai kaurin bulo wanda ya ba Habi ta riƙa danne murfin garwa da shi.

Tahowa gida ta nuna masa hali na farko. Cikin motar a ƙasa yake, ƙadangare ma sai ya cire hula kafin ya wuce ta ƙarƙashinta. Daga Isa zuwa gida ta gaisa da kowane rami hannu da hannu. Washegari ya kai ta wurin Hafizullahi mai walda, wanda bai taɓa ganin ƙarfen da ya fi ƙarfinsa ba. Ya ɗaga ta taƙi guda, sannan ya narka mata kariyar ɗaukar kaya a baya, daidai kan murfin nan mai tsaga-tsaga.

"Baba, in ruwa ya ɗiga ciki hwa?"

"Kai dai ba ka da ilimi. Mi ka kashe inji? Zahi. Mi ka kashe zahi? Ƙanƙara. Hwaɗuwa ta zo daidai da zama."

Hafizullahi ya ce lalle manya gatan wasa, ya ƙara walda.

Ranar ɗaya ga azumi, a gaskiya, motar ta yi abin da aka ce. Ya sha mata man kwalba wurin 'yan bumburutu, ya tafi, ya dawo kafin azahar. Mutanen Gangara sun ce ba su ga wucewarsa ba, sai dai kajinsu suka tashi ba gashi. Matsalar ita ce ba mai sayen ƙanƙara da tsakar rana, don haka ya zauna gindin itacen bedi awa huɗu yana kallon dukiyarsa tana ɗiga cikin inji, ita da ƙaiƙayi, yana cewa madalla, sha ka ƙoshi. Rana ta biyu ta fara wani gurnani kamar raƙumin da aka ɗora wa kaya ba shawara. Rana ta uku, saura kaɗan ya shiga Gangara, duk fitilun da ke gaban direba suka kama lokaci guda, ja da ɗorawa, kamar gidan biki. Ta yi tari uku, ta saki baƙin hayaƙi mai ƙanshin gasasshen gero, ta yi shiru. Awakin Gangara ne suka yi buɗa-baki da ruwan sanyi a ranar, tun kafin magariba. Da shanu aka jawo ta gida, kuma an ce shanun nan biyu da ya sayar ne, sun ma waiwayo sun dube shi.

Sabis a garinmu sai an hau tudun bayan makabarta, shi ma in iska ta ga dama. Nan Sodangi ya hau da azumi a bakinsa ya kira ɗan'uwansa na Kano.

"Wane Sodangi?" in ji Kamaluddeen.

"Alhaji Sodangi. Dangi. Ta yi tarin da ka ce."

"Ayya, Malam, ai ni sashen sayarwa nake. Zan turo maka lamba."

Cikin sati biyu an sauke shi daga Alhaji zuwa Malam. Lambar da aka turo wata mata ce marar numfashi, ta ce ya danna ɗaya, ya danna, ta ce ya danna huɗu, ya danna, ta ce kiransa na da muhimmanci ƙwarai, sannan aka sako masa kiɗa. Mutumin da ko rediyo ba ya kunnawa da azumi, ga shi tsaye kan tudu yana sauraren garayar Turawa yana istigfari, har katinsa ya ƙare. Kwana biyar yana hawa yana sauka. Mutane suka fara zaton ganin wata yake nema tun da wuri.

Ranar takwas ga wata wani mahaluki mai rai ya ɗauka. Sunanta Halimat, muryarta kamar zuma.

"Mun yi matuƙar baƙin ciki da jin wannan. Ka kawo ta Kano."

"Ɗiyata, da ta iya zuwa Kano mi za ni kira ki in ce?"

"To ka turo hoton motar, injiniyoyinmu su duba. Ga lambar kokenka, ka riƙe ta da kyau."

Lambar ta fi ta wayarsa tsawo. Ya sauko ya tarar da labari cewa Gangara ta bi Zayyanu. Inno ta Tsamaye ce kawai ta aiko: shekara goma sha tara ba wasa ba ce, za ta yi ta sayar da zoɓo mai ɗumi tana shan zagi har ashirin ga wata, amma goman ƙarshe ba za ta shige ta ba ƙanƙara ba, ko ta wane ce.

Sodangi ya duba hotunan da ke wayarsa. Na yanzu, motar na ƙarƙashin rumfa da kashin kaji a gilashi, ai abin kunya ne a nuna wa baƙi. Ya zaɓi wanda aka ɗauka ranar ɗaya ga azumi: ga jar mota ta sha wanki, ga buhu goma sha biyu a kan kariya suna tsiyaya, ga mai man kwalba ya kafa mazurari, ga shi kansa da rawani da hular kamfani a samansa, ya ɗaga babban yatsa. Shi ya tura.

Kamfanin da ya yi kwana biyar bai ɗaga waya ba, cikin awa biyu ya kira da kansa. Tun da aka kafa shi bai taɓa sauri irin wannan ba.

"Mun ga hoton," in ji Halimat. "Har an tura shi Turai, su ma sun gani. Garantinka ya faɗi ta hanya huɗu. An ɗaga mota, an yi mata walda, an sa mata man da ba a san asalinsa ba. Na huɗun injiniyoyi ba su samo masa suna ba tukuna. Duk yana shafi na arba'in da bakwai."

"Ke, saurara. Nan kara, kasuwar shanu, in mutum ya sai da sa mai ɓoyayyen tari, dillali ka zuwa da ƙahwatai shi maido shi. Ina dillalinku?"

"Babu dillali a tsarinmu. Amma saboda kai dangi ne, za mu iya sayar maka da sabon inji. Zai iso cikin wata huɗu."

"Wata huɗu? Damina ta sauka, wa ka son ƙanƙara?"

"Akwai wani abin da zan taimaka maka da shi?"

Kafin ya sauko daga tudu saƙo ya shigo, ana tambayarsa tauraro nawa zai ba su cikin biyar.

Bai karaya nan take ba. Hafizullahi ya buɗe injin, ya kwashe ƙaiƙayi kwano uku, ya ce sauran sai mai kwamfuta. Aka ɗauko mai kwamfuta daga Sakkwato, ya jona, kwamfutar ta yi magana da motar cikin yarensu, ya ce ta ce sai 'yan gidansu. Ashirin ga wata ta zo ta same ta inda take. Bayan azahar aka ga babura biyu na Zayyanu sun nufi Tsamaye da buhu uku-uku.

Da la'asar ɗin ranar Habi ta ajiye masa kwanon sha a gabansa.

"Sarki, kwana goma sha bakwai muna shan ruwa kamar na wankan jego. Gidan Sarkin Ƙanƙara. Ka tashi ka sawo muna, ko ni in tahi, gari shi gani."

Ya cire rawanin, ya ɗauki kwanon. A ƙofar gidan Zayyanu layi ya kai bakin masallaci, duk tsofaffin masu sayensa ne, kowa ya ga Sodangi sai ya tuna akwai abin kallo a ƙasa. Zayyanu ya hango shi ya taso.

"Haba Baba, kai da bin layi? Kawo kwanon. Wagga kyauta ta."

"Ban zo roƙo ba. Sara mani ta ɗari biyu."

Zayyanu ya buɗe buhu, ruwa ya kwararo masa a ƙafa. Sodangi ya so ya yi shiru, amma shekara goma sha tara suka ƙi. Ya cusa hannu cikin buhun, ya damƙo ƙaiƙayi, ya matse.

"Wane jahili ya shirya wanga? Ƙaiƙayin dawa, kuma ɗanye! Na gero aka sawa, busasshe, a shimfiɗa ƙasa, a raba bulo da bulo kada su taɓa juna. Rabin kayanka ka zubar bisa hanya."

"Hiye da rabi, Baba," in ji Zayyanu a hankali. "Mu gudu muka iya. Da za ka riƙa bin mu Maraɗi kana shirya muna..."

Sodangi ya dubi kwanonsa, ya dubi rana da ta kusa faɗuwa.

"Babur ɗin wa za ni hau?"

"Nawa. Bayana."

"To ka riƙa tahiya sannu. Kuma sara ƙanƙarar nan, Habi na jira."

Goman ƙarshe ta bana ba a taɓa shan sanyi irinta ba daga Kurawa har Tsamaye, kuma kowa ya yaba wa Zayyanu.