Yadda Na Mai da Kaina Ɗan Sandan Ciki, Maƙwabcina Ya Sha Dukan

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe ne, ranar kasuwar garinmu. Mu uku ne a shagon: ni a kan keken ɗinki, da wani dattijo da ke jiran in gama masa aljihun riga, da mai shayin gefena da ya shigo karɓar kofinsa. A daidai lokacin 'yan sintiri huɗu suka tsaya a bakin ƙofa, suka ce in taso, in kuma ɗauko littafina. Ban tambayi wane littafi ba, domin na sani. Na rubuto muku ne don in faɗi abin da ya kai ni ga wannan rana da abin da na aikata a cikinta. Zan bi shi daki-daki, kuma ba zan kama sunan kowa ba.

A lokacin ni tela ne mai shekara arba'in da ɗaya, a wani gari na ƙasar Baure, ba nisa da garin Babban Mutum. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, amma ni mutum ne mai son tsari. Ba na zaman majalisa, ba na kallon ƙwallo, fina-finan soyayya kuwa ko a gidana ban yarda da su ba. Abu ɗaya ne ya kama ni, wato fina-finan 'yan sandan ciki masu dogon zango da aka fassara da Hausa, waɗanda ake tura mini a waya. Bayan la'asar, idan na zauna saka maɓalli, sai in jingina wayar a jikin keke. Ba harbe-harben ne suka ja ni ba. Abin da ya ja ni shi ne mutumin da zai sa riga mai datti, ya zauna cikin miyagu, ya ci tuwo da su, su raina shi, su aike shi, alhali duk motsinsu yana hannunsa. Yana bin abu mataki-mataki, ba ya gaggawa, gumi na karyo masa amma fuskarsa ba ta nunawa. Ni kuma shekara ashirin ina zaune a bakin titi, mutane na wucewa, ba mai tuna ni sai sallah ta matso. Sai zuciyata ta raya mini cewa zaman nan nawa ma aiki ne, da zan san yadda ake yin sa.

Kuskurena na farko, na juya littafin awo ta baya, na fara rubuta lokacin fitar babura da dawowarsu ta hanyar daji. Na biyu, na riƙa zuwa kara, kasuwar dabbobi, ranar kasuwa ina tambayar makiyaya ta inda suke biyo da shanu, har ina ɗaukar hoto a ɓoye, a ganina ba wanda ya lura. Na uku, wanda ya fi muni, na zaɓi mutum guda na sa masa ido. Dillalin awaki ne daga tsallaken iyakar Nijar, ya kama ɗaki a gidan da ke kallon shagona. Wayoyi biyu gare shi. Kullum ƙarfe huɗu da rabi sai ya hau babur ya nufi daji, ya dawo kafin magariba. Na ware masa shafi guda, na zagaye shi da jan biro. Don in shiga jikinsa kamar yadda na ga ana yi, na fara tsallaka titi ina gaishe shi, ina sayo masa shayi. Matata ta ga littafin sau ɗaya, ta ce don Allah Malam in bar wannan abu, ni ba hukuma ba ne. Na ce mata ta kula da tukunyarta.

Wata huɗu ina haka, sai ɓarayi suka kore garken wani ƙauye kusa da mu, suka sari makiyayin. Gari ya ɗauka cewa ba yadda za a yi su san hanya sai da infoma, wato mai ba su labari daga cikin gari. Makiyaya suka tuna da telan da ke tambayar hanyar shanu.

Haka aka tasa ni gaba har ofishin 'yan sintiri da ke bayan kasuwa. Ɗaki ne guda mai benci da taga ɗaya. Kafin a rufe ƙofa mutane sun fara taruwa. Shugabansu ya zauna yana buɗe littafin shafi-shafi. A gaba ga sunayen manyan gari da na ɗinka wa kaya, a baya ga lokutan fitar babura da hanyoyin shanu. Ya tambaye ni, yana kirana Malam Tela, ko yanzu da hanyar shanu ake yanka wando. Yaransa suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya karɓi wayata ya ga hotunan kara. A waje ina jin ana cewa a fito da shi, a fito da shi. Wani ya jefi kwanon rufi da dutse. Ta tagar na hangi wani saurayi da na ɗinka wa kayan angonci yana riƙe da gora. A fim na sha ganin mutum a irin wannan ɗaki yana murmushi. Ni ko kalmar shahada sai da na maimaita sau uku kafin ta fita daidai.

A nan ne na yi abin da ya sa na rubuto wannan wasiƙa. Shugaban ya ce minti biyar ya ba ni, in ban faɗi wanda nake yi wa aiki ba zai buɗe ƙofa, domin shi ba zai iya tare kasuwa guda ba. Na ce masa ranka ya daɗe, ni ɓarayin nake bibiya. Na miƙa hannu da kaina na buɗe shafin jan biro. Na ce ga mutumin, wayarsa biyu, kullum yana shiga daji. Ban ce ina zato ba. Na ce na tabbata.

Sha biyu saura kwata suka tafi ɗauko shi. Jama'a suka bar ƙofar suka bi su, ni kuma, Allah Ya yafe mini, na ji sanyi a raina. Ta wannan tagar na ga an jawo shi daga cikin awakinsa, hularsa ta faɗi, yana tambayar lafiya, lafiya. Kafin a iso da shi gora ta sauka a kansa da hannunsa na hagu da ya ɗaga don kare fuska. Ƙarar karyewar ƙashin har inda nake. Dattijon da na bari a shago ne ya je ya kira mai gari, shi kuma ya kira 'yan sanda. Da ba su iso kafin azahar ba, da gawa za a ɗauka.

Kwana biyu muka yi a caji ofis, a ɗaki ɗaya, bayan an yi masa ɗorin karaya. Bincike bai ɗauki lokaci ba. Wayarsa ta biyu layin Nijar ce. Dajin da yake shiga kuwa wani tudu ne inda sabis ɗin can ke kamawa, yana hawa ne ya kira matarsa da ke da tsohon ciki. Ɗan sandan da ya rubuta bayanina ya jefo mini littafin, yana kirana Baba, ya ce aikin da mutane ke shekaru suna koyo, da izini da masu tsaya musu, shi na ɗauko daga waya ina saka maɓalli. Amma maganar da ta fi ci mini rai ta maƙwabcina ce. Bai zage ni ba. Ya tambaye ni a hankali, yana kirana yaya kamar yadda ya saba, ko shayin nan da nake sayo masa duk cikin aikin ne. Ya ce shi ya ɗauka a garin nan ya yi ɗan'uwa, har ya faɗa wa matarsa.

An sake mu ranar Alhamis. Asabar da hantsi ya ɗaure katifarsa a bayan babur ɗin wani, ya tsallaka iyaka. Hukuma ta wanke shi, amma a kara ba wanda zai ƙara ba shi akuya. Sau uku na bi kasuwannin can ina nemansa, ban same shi ba. Wani ya ce mini ya gan shi, hannun bai miƙe ba. Ni ina nan ina ɗinki, sai dai har yau in babura suka tsaya a ƙofar shago gabana faɗuwa yake.

Abin da na koya uku ne. Ɗaya, fim yana nuna maka mai bincike wanda marubuci ya riga ya shirya masa gaskiya, kai kuwa ba wanda ya shirya maka, zatonka kawai kake bi. Biyu, a wannan zamani kalmar infoma tana iya kashe mutum kafin a gama furta ta. Uku, ban san ni matsoraci ba ne sai da aka rufe ƙofar nan, kuma tsorona a jikin wani ya sauka.

Mai karatu, in ka ga abin da ya dame ka, kai wa mai gari ko hukuma, ka ce zato kake yi, ka koma bakin sana'arka. In ka ji an ce ga infoma, kada ka ɗaga hannu, kada ka ɗaga murya. Ina kuma roƙon masu cin kasuwannin tsallake: duk wanda ya haɗu da dillalin awaki mai lanƙwasasshen hannun hagu, don Allah ya gaya masa telan nan ya amsa laifinsa a gaban jama'a, kuma yana neman ya ba shi dama ya zo ya durƙusa a gabansa.