Ranar da na ceci matar injiniya daga gwanjon albasa

Lokacin da aka ginin madatsar ruwan Goronyo, ni dillalin albasa ne, kuma ina da wani ciwo: ba a cutar mutum gabana in yi shiru. Maƙwabcina wani bakanike ne daga Kudu, ɗan Katolika, mai gyaran injin ban-ruwa. Da marece shi ka koya ma ɗiyan ma'aikata addininsu a wani ɗaki mai gini ba rufi. Fadansu, wato limamin cocinsu, ya ce in ba a rufa ɗakin ba kafin damina, za a rufe ajin, a maida malamin Sakkwato. Shi ko bai son tafiya, ni ma ban so, don mutumin kirki ne, ko tsakar rana injina ya tsaya shina zuwa.

Sai sunka shirya bikin cocinsu na neman kuɗin kwanon rufi. Na ba da kwandon albasa guda, maƙwabcin nawa yac ce in zo in ga idona. Na tafi, anka ba ni kujera gaba kamar wani hakimi.

Da anka soma gwanjo, wani mai ƙararrawa ya ɗaga kwandona. Matar babban injiniya ta taya da kuɗin buhu. Wani ya ƙara. Ta ƙara. Kafin in gyara zama, albasata ta kai kuɗin rago, mutane na ta buga tafi. Baƙuwa, garinmu, da albasata, a yi mata wanga yankan? Na miƙe na kama kwandon, na zazzage shi ƙasa, na nuna mata ƙananan da ke ƙarƙashi, na faɗa mata kuɗinai na gaskiya a kasuwa, har na ce in ta biyo ni zan samo mata da rangwame. Bayan nan ban zauna ba. Zakara, doya, akuya, kowane anka ɗaga sai in faɗi ƙimarshi da ƙarfi. Masu tayi sunka ji kunya, hannuwa sunka koma aljihu.

Na taho gida ina jin na yi aikin lada.

Da la'asar maƙwabcin nawa ya shigo, bai ko zauna ba. Na ce mi ya faru?

"Malam, kowa ya san kuɗin albasa," in ji shi. "Ba ita suka saye ba. Kwano suka saye."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na ce a sake bikin, ni zan riƙe ƙararrawar. Yay yi 'yar dariya, yac ce sau ɗaya akai a shekara.

Ruwan fari ya iske ɗakin a buɗe, anka maida maƙwabcina Sakkwato. Ni na ɗauki akwatinai har tasha, ina kuka da gemuna, shi ka ba ni haƙuri. Ɗakin nan awakin wani ka kwana ciki yanzu. In za ni fadama, ta bayan makabarta nika zagayawa, ko da ta fi nisa.